Hayaƙin Gidan Severin

Ranar da abin ya fara, Talata ce cikin kaka, shekara ta 1824. An tashi daga aiki, an share maƙera, ƙararrawar cocin unguwa ta buga ta yamma. A gidan Maigida Severin, mai shafa wa tagulla zinariya, an zauna cin abinci su uku kamar kullum: shi, da yayarsa Gwaggo Benoite, da 'yarsa Ursule mai shekara goma sha bakwai. Miyar kabeji ce da burodin jiya. Rana ta faɗa bayan rufin gidajen Paris, ɗan hasken da ya rage a taga ya yi ja, ba a kai ga kunna kyandir ba.

Sai agogon da ke kan kantar murhu ya buga uku.

Gwaggo Benoite ta ajiye cokali. Severin bai ɗaga kai ba da farko, don gidansa gidan agogo ne, kunnensa ya saba. Sai da ya kai loma baki ya tuna cewa wannan agogon ba a gama shi ba. Ba a taɓa murɗa masa makulli ba, ƙarfen da ke lilo a cikinsa ma yana ƙasa cikin aljihun tebur, naɗe a tsumma. Suna cikin kallonsa wani ɗan dutse ya faɗo daga cikin murhu, ya gangaro a hankali a kan daɓen katako, ya tsaya daidai ƙafar Ursule. Ta sunkuya ta ɗauka. Baƙi ne wuluk da kunkunniya, kuma da ɗuminsa, alhali ba a hura wuta a murhun nan ba tun bara.

Ni maƙwabcinsu ne, ƙofarmu na kallon juna. Sana'ata rubuta lambobi a fuskar agogo, kuma fuskar wancan agogon ni na rubuta ta. Shekara talatin na san Severin, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, ko a hanya ya taka maka ƙafa. Duk da haka ina ƙaunarsa, kuma har yau idan na tuna shi raina yakan ɓaci.

Aikinsu ga yadda yake. Ana niƙa zinariya a kwaɓa ta da zaiba har ta yi laushi kamar man shanu, a shafa wa tagulla, a riƙe da awartaki a kan garwashi. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta zauna daram, shekara ɗari ba ta dushe ba. Sai dai abin da ya tashi ɗin, mai riƙe da awartaki ne ke shaƙa. Kafin mutum ya kai arba'in hannunsa ya fara karkarwa, haƙoransa su yi girgiɗi, ya koma mai jin kunyar mutane, a yi masa magana ya fashe da kuka. A layinmu ba mu da wani suna da muke kiran ciwon sai rawa. Idan aka ce wane ya fara rawa, ba mai dariya.

Rawar ce ta ɗauke Apolline, matar Severin, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana tsayawa gefensa a bakin wuta. A ƙarshe ko kofin ruwa ba ta iya kaiwa baki, Ursule ce ke ba ta, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Shi kuwa Severin ciwon ya tsallake shi, ba wanda ya san dalili. Yana da shekara hamsin amma hannunsa bai san karkarwa ba, yakan fitar da gashin ido a fuskar mutum-mutumin tagulla da ba ta fi babban yatsa ba. Gwaggo Benoite takan ce taurin kansa ne ya hana zaibar samun ƙofar shiga. Ranar da aka binne Apolline ya cire zoben aurenta ya rataya a wuya, ya rantse 'yarsa ba za ta shaƙi abin da uwarta ta shaƙa ba. Ita kuwa Ursule hannun ubanta ta gado, tana goge zinariya da dutse fiye da duk matan layin, kuma kullum tana naci a bar ta ta koyi aikin wuta.

Ana nan sai masana suka fito da wata dabara: a yi wa murhun maƙera rumfa, a haɗa ta da dogon bututun hayaƙi mai ja da ƙarfi, ya zuƙe gubar sama kafin ta iso hanci. Severin ya ji, ya hana kansa barci. A bangon bayan gidansa akwai wani mataccen bututu, toshe tun kafin a haifi kakansa, wanda ya jingina da tandar mai burodin da ke bayansu. Shi ya yanke shawarar fasawa.

To, mu muna da al'ada. Ba a buɗe mataccen bututu haka kawai. Maraice uku a jere mai gida zai tsaya ya ƙwanƙwasa bangon sau uku, ya ce, "Masu wuri, za mu kunna wuta." Sannan a ƙona ɗanyar ciyawa kwana uku, hayaƙi mai yaji amma marar cutarwa, don wanda ke ciki ya kwashe nasa ya tashi. Magina sun sani, tsofaffi sun sani. Gwaggo Benoite ta tuna masa har sau biyu.

"Yaya," in ji shi, "ni da ko mai unguwa ban cire wa hula ba, bango zan tsaya ina yi wa sallama?"

"Bangon ya girme ka," ta ce. "Kuma ya fi ka hankali, tunda shi ya iya yin shiru."

Ya yi dariya. Ranar da aka fasa bututun da safe, kafin azahar ya ɗora zaiba a wuta. Bututun kuwa ya yi aiki, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Shekara biyu cur babu wanda ya yi ko tari a maƙerarsa. Cikin wannan jin daɗin ya fara agogon da ya ce shi zai kai baje kolin masu sana'a. A kansa akwai mutum-mutumi biyu daga tatsuniyar mutanen Girka na dā: wata uwa riƙe da tocila, ta miƙa hannu tana neman 'yarta da aka sace aka kai ƙarƙashin ƙasa, ga kuma 'yar a ɗaya gefen, rabin jikinta ya nutse cikin dutse. Ya gama shafa wa uwar zinariya, tana ƙyalli. 'Yar tana nan a tagullarta, ja-ja baƙi-baƙi, tana jiran wuta. Haka ya haɗa su ya hau da su bene don ya riƙa duban zamansu, kuma shi ne agogon da ya buga a wannan maraicen.

Daga ranar abin bai tsallake ko yini ɗaya ba. Da rana lafiya lau, gida kamar kowane gida. Amma da ƙararrawar yamma ta buga, tsakanin faɗuwar rana da kunna kyandir, sai agogon ya buga uku, duwatsu su fara. Farko gangarowa suke yi. Daga baya suka koma tashi, su fasa faranti, su bugi ƙofa, ɗaya ya tsaga wa Severin goshi. Ba su taɓa samun Ursule ba, a gabanta suke faɗuwa su taru. Aka yanka sabon burodi aka tarar da cikinsa baƙi. Ma'aikatan maƙera suka koma neman izinin tafiya tun la'asar, kowa da ƙaryarsa, wannan haƙori, wancan surukarsa ba lafiya.

Sai kuma muryar. Daga cikin bangon baya take fitowa, ƙasa-ƙasa, muryar mace mai rarrashin yaro, babu kalma a ciki sai gunguni. Takan yi ta yi, ta tsaya kamar mai saurare, ta sake farawa. Na ji ta da kunnena rana ta biyar, da na shiga aron gishiri don in ga abin da ake faɗa. Ban ji tsoro ba kamar yadda na zata. Baƙin ciki ne ya danne ni, irin wanda ke kama mutum idan ya wuce gidan makoki bai san wanda ya mutu ba.

Severin ya ce iska ce. Ya ce tsuntsaye ne. Ya ce mai burodi ne ke masa baƙin ciki. Yana cikin waɗannan maganganun, rana ta shida, Ursule ta ɗauki kofi za ta sha ruwa, kofin ya fara kaɗawa a haƙoranta. Ruwan ya zube a ƙirjinta. Ta dubi hannunta, ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, ban shiga maƙera ba. Wallahi ban shiga ba."

Aka kira likita. Ya duba dasashinta, ya sa ta miƙa hannu, ya ce wannan ai rawar masu zinariya ce, ba ya buƙatar a gaya masa. Severin ya kusa jefo shi daga bene. Abin da likitan bai iya bayyanawa ba shi ne, da gari ya waye rawar takan tsaya, sai yamma ta dawo, kowace rana ta fi ta jiya. Abinci ya daina wuce mata. Ta rame, idanunta suka faɗa, ta daina zuwa teburin gogewa. Rana ta goma sha ɗaya da almuru aka neme ta a ɗaki ba ta nan. Gwaggo Benoite ta same ta tsugune cikin murhu, kunnenta manne da bango, ta ɓalle 'yar tagullar nan daga kan agogo ta rungume a ƙirji tana jijjigawa. Da aka kira sunanta ta juyo, ta yi magana da wata murya mai kauri, ta tsohuwar da ta gaji.

"Ku yi a hankali," ta ce. "Sun yi shiru. Duka ukun sun yi shiru."

Gwaggo Benoite ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Fada Calixte, wani tsohon limamin coci da ya ajiye aiki, yana zaune a ɗaki ɗaya da littattafai har rufi. A shekarun juyin juya hali, lokacin da ake farautar irinsu, ya yi shekara huɗu ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani mai haɗa magani, a can ya haɗa ilimin addini da na cuta. Kunnensa ɗaya ya mutu, yana shaƙar taba har rigarsa ta canza launi. Da ta dawo ta gaya wa ƙanenta wanda ta kira, ta shirya faɗa, har ta naɗe hannun riga. Amma hankalin Severin ba ya wurinta. Yana zaune bakin gadon 'yarsa, ya riƙe hannayenta biyu cikin nasa yana ƙoƙarin tsayar da su.

Fada Calixte ya zo washegari da hantsi. Bai fara da addu'a ba. Ya zaga gidan daga maƙera har ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, yana dafa bango, yana kara kunnensa mai ji. Ya tambayi yaushe aka fasa bututun, aka gaya masa. Ya tambayi ko an ƙwanƙwasa. Gwaggo Benoite ta dubi Severin, Severin ya dubi ƙasa. A saman bene tsohon ya sami wata tsaga a jikin bututun, ya ce a ba shi zinariya. Severin ya ciro zoben Apolline daga wuyansa. Fada ya zura shi cikin tsagar da zarensa, suka tsaya kamar tsawon cin abinci. Da ya jawo shi, zoben ya koma fari fat kamar kwano.

"Ɗana," in ji Fada, "gubar taka ba sama ta tafi ba. Shekara biyu tana kwanciya a cikin bangon nan, tandar maƙwabcinka tana ɗumama ta. Mu jira yamma mu ji a kan wa ta kwanta."

Aka kira ni don in taya riƙo. Muka shimfiɗa Ursule a tsakar ɗakin, Gwaggo Benoite ta ɗora kanta a cinya, ni na riƙe ƙafafu. Aka rufe taga. Fada ya sa farar rigarsa, ya ajiye ruwan albarka da gishiri a gefe, ya buɗe littafi ya fara karatu da Latin, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Hasken taga ya yi ta raguwa. Ƙararrawar coci ta buga, agogo ya amsa da uku. Ƙafafun da ke hannuna suka yi sanyi ƙalau, sannan suka yi nauyin da ban taɓa ji a jikin ɗan Adam ba. Ba a yi jifa ba ranar. Ursule ta buɗe ido ta zuba wa tsohon.

"Ya isa, tsoho. Na ji. Kana zafi, amma ba ka kai abin da ke cina ba."

Fada ya rufe littafin a kan yatsansa. Ya ce da sunan Wanda ya halicce ta ya halicce mu, ta faɗi ko wace ce ita, da abin da take nema a jikin baiwar Allah.

Ta ce suna ba zai amfane shi ba. Ta ce tana cikin bututun nan tun ranar da aka gina tandar burodi, don wuri ne mai ɗumi babu hayaƙi. A nan ta haifi 'ya'yanta uku. Ba ta taɓa ɗaukar ko ɓawon albasa a gidan ba. Ta ji kukan farko na yarinyar nan ta bango, kuma daren da garwashi ya faɗo kan shimfiɗa kusa da gadon jaririyar, uwar tana gyangyaɗi, ita ta hure shi. Gwaggo Benoite ta toshe baki, don ta tuna ƙonannen wurin, har yau yana jikin daɓen.

"Da an ƙwanƙwasa, da mun tashi," muryar ta ce. "Wurin zama bai ƙare a garin nan ba. Ba a ƙwanƙwasa ba."

Fada ya tambaye ta me ya hana su fita da suka ji hayaƙi.

"Wane hayaƙi? Abin nan ba ya wari, ba ya yaji. Ƙyalli kawai muka gani a bango, yaran suna wasa da shi. Kafin in gane, ƙafafunsu sun daina ɗaukarsu. Babban ya tafi bara. Ta tsakiyar cikin sanyi. Ƙaramin ya daɗe, yana da naci. Ranar Talatar nan ya yi shiru." Ta juya kan Ursule a hankali har ta sami Severin a inda yake tsaye jikin ƙofa. "Kai kuma kana ƙasa kana yi wa uwar ƙarfe ado, wai tana neman 'yarta."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Severin ya buɗe baki, ya ce don 'yarsa ya yi. Ta ce ta sani, ai tana ji lokacin da ya yi rantsuwar. Fada ya ce mata yarinyar ba ta da laifi, ba ita ta fasa bango ba, kuma Ubangiji ba ya yarda a kama wani da laifin wani.

"Nawa fa?" ta ce. "Me suka fasa?"

Na ga littafin ya motsa a hannun tsohon, amma bai buɗe ba. Can ya ce mata zai iya ci gaba da karatu har ta ƙone, ita ma ta san haka, sai dai jikin yarinyar ba zai kai ƙarshen karatun ba. Saboda haka ta faɗi abin da zai sa ta fita da kanta. Ya ce za a kashe wutar maƙera, ba za a sake kunnawa ba.

Ta ce kashe wuta ba zai tashe su ba. Suna kwance a kan wani ɗan tudu cikin bututun, farin abin nan ya lulluɓe su, ita kuwa ba ta iya taɓa shi, ba ta iya ɗaga su. Kwana goma sha biyu tana zagaya su. Abin da take so a fito da su, a kai su inda babu rufi babu hayaƙi, a rufe su da ƙasa.

Severin ya yi wuf ya ce gobe da asuba zai kira yaran da ke sharar bututu, ko nawa ne.

Dariyar da ta fito daga bakin Ursule ba ta da ƙarfi. "Ɗan wa za ka tura kuma? Har yanzu ba ka gaji da ɗora wa 'ya'yan mutane hayaƙinka ba?" Ta ɗaga hannayen yarinyar sama, suna kaɗawa. "Hannu nake so, mai zinariya. Ko waɗannan, ko naka."

Fada ya juyo ya gaya wa Severin gaskiya ba tare da ɓoye komai ba. Zaibar shekara biyu ce cikin kunkunniya, a bango mai ɗumi, a wurin da iska ba ta ratsawa. Wanda ya shiga ya kankare ta, idan ya fito da ransa, ba zai fito da hannunsa ba. Ya roƙi aljanar ta ba da mako biyu a sa mai burodi ya kashe tanda, bangon ya huce. Ta ce ita za ta iya jira, ta saba, amma ya dubi yarinyar ya faɗa da bakinsa ko za ta kai mako biyu. Ya dube ta, ya ga ba za ta kai ba. Abin da ya iya samu a cinikin shi ne ta sakar mata maƙogwaro ta riƙa shan romo, kuma ta yi alkawari da sunan Mahaliccinta cewa ranar da na ukun ya fito, ita ma ta fita, ba za ta waiwayo gidan ba. Ta yi alkawarin.

Severin ya ɗaga hannayensa ya dube su a ɗan hasken da ya saura, gaba da baya, kamar mai duban kayan da zai sayar. Sannan ya ce, "Yaya, ina kika ajiye babbar gudumar nan?"

Kwana shida ya yi. Bututun ya yi wa babba ƙunci, dole ya riƙa fasa shi ta gefe, hawa-hawa, ya zura kai da kafaɗa yana kankarewa da hannu. Ya hana kowa matsowa. Daga ƙasan matakala nake miƙa masa ruwa, in ga zaiba tana gangarowa daga gashinsa ƙwaya-ƙwaya tana tsalle a kan katako. Gwaggo Benoite, wadda ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba ta mayar ba, ta daina yi masa tsiya. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali, har ya leƙo rana ta uku, baƙi ƙirin, ya ce ko ta mutu ne ba a gaya masa ba.

Rana ta huɗu ya sami na farko, ta biyar ya sami na biyu. Na gan su. Ba su fi tafin hannu ba, marasa nauyi, kamar ƙasusuwan tsuntsu, amma duk wanda ya taɓa ganin tsuntsu ya san ba tsuntsu ba ne. Gwaggo ta yanka zanen gadon Apolline ta naɗe kowanne. Rana ta shida, ƙararrawar yamma na bugawa, Severin ya sauko da na ukun a tafin hannayensa biyu. Agogo bai buga ba. Ya durƙusa gaban shimfiɗar Ursule ya miƙa. A nan muka ga abin da shi ya riga mu sani tun jiya: ɗan ƙunshin yana kaɗawa, don hannayen da ke ɗauke da shi suna kaɗawa.

Idanun Ursule suka daɗe a kan ƙunshin. Da muryar ta fito, babu sauran faɗa a cikinta.

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "Ba ya son a girgiza shi."

Severin ya manna ƙunshin a ƙirjinsa, ya danne da haɓa. Ursule ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Wata iska mai ɗumi ta bi ta gefen fuskokinmu ta fita ta tagar da ba wanda ya buɗe. Can yarinyar ta motsa, ta ce da muryarta, "Gwaggo, yunwa nake ji."

Washegari muka fita bayan gari, ni da Severin da Fada, muka haƙa rami ƙarƙashin wata bishiya a gefen gonar alkama. Ni na yi haƙan, shi ba ya iya riƙe shebur. Fada ya tsaya da littafinsa a rufe, ya ce bai san addu'ar da aka tanada wa irin wannan ba, amma Wanda ya yi su ya san sunayensu. Severin ya cire farin zoben ya sa a cikin ramin. An gaya masa wuta za ta iya mayar da shi ja, ya ce ya gama da wuta.

Ursule ta warke sarai, hannunta ya dawo kamar na ubanta a dā. Aka toshe bututun, maƙera ta koma wurin gogewa da gyara, ita ke riƙe da ita. Agogon bai je baje koli ba. Ta mayar da 'yar tagullar mazauninta, ta rataya masa ƙarfen lilo, yana tafiya daidai har yau a kan kantar nan, uwa tana ƙyalli, 'ya a baƙinta. Dillalai sun zo sun ce a ba wani ya ƙarasa shi, Gwaggo Benoite ta raka su har ƙofa da tsintsiya.

Severin ya ƙara shekara huɗu. Haƙoransa suka zube, ya koma jin kunyar mutane, ko ni na shigo sai ya juya fuska bango. Ursule ke ba shi ruwa a baki, kamar yadda ta ba uwarta. Amma kullum da ƙararrawar yamma ta buga, sai ya lallaɓa ya tashi, ya ja ƙafa zuwa bangon baya, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Hannun ba ya iya tsayawa a uku, sai ya yi ta kaɗawa a jikin bangon kamar ƙyauren da iska ke bugawa. Sai Ursule ta ajiye abin da take yi, ta zo ta riƙe masa wuyan hannu, su buga tare, ɗaya, biyu, uku. Ya kara kunne ya jira. Ba a taɓa amsa masa ba.